Shokozobar Babur a Titunan Kano: A Saita, A Yi Sabis, ko A Sayi Sabuwa?

Mai babur ba ya tuna shokozoba sai ran da ƙugunsa ya fara ciwo, ko ran da ya ɗauko buhu ya hau tudun rage gudu ya ji taya ta daki madigadi. Daga nan shawara sai ta yi masa yawa. Abokin aiki ya ce a ƙara ɗaure ta, bakanike ya ce man shokozobar gaba ne ya mutu, mai shagon kayan gyara ya ce, "Alhaji, ai wannan ta gama yawo, sai sabuwa." Kowannensu yana iya yin gaskiya, amma ba a kan babur ɗaya ba.

Tun da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa a birnin Kano a Janairun 2013, 'yan Adaidaita Sahu suka karɓe haya, babur ya koma abin hawan mai shi. Ma'aikaci na hawa, ɗalibin Jami'ar Bayero na hawa, ga mai kai saƙo, ga yaron shago da ke jigilar katan daga kasuwar Singa ko dila daga Kantin Kwari. Nauyin da waɗannan mutane suke ɗora wa babur ba ɗaya ba ne, hanyoyin da suke bi ma haka, alhali kusan dukkansu suna yawo da saitin da babur ya fito da shi daga kwali. Ra'ayina shi ne da yawa daga cikin masu sayen sabuwar shokozoba ba ita suke bukata ba, sannan wasu da suke ta fama da saiti tasu ta riga ta mutu. Awo ne yake raba gardama, kuma ba a biyan ko sisi a kansa.

Fara gano ciwon

Abu biyu ne a jikin shokozoba. Sifirin shi yake ɗaukar nauyi. Man da ke cikin bututun kuwa, wanda ake tilasta wa bi ta ƙananan ƙofofi duk lokacin da ta motsa, shi yake hana sifirin yin ta tsalle bayan an wuce rami. Aikinsu daban, lalacewarsu ma daban.

Ka tsaya a gefen babur, ka danna bayan kujera da ƙarfinka, ka saki. Idan ya taso sau ɗaya ya tsaya, mai yana aiki. Idan ya yi sama ya yi ƙasa sau biyu ko uku kamar kwalekwale a ruwa, man ya zube ko ya mutu, kuma babu saitin da zai dawo da shi. Ka duba sandar da ke shiga bututun: in ka ga danshin mai da ƙura ta manne a kai, magana ta ƙare.

Awo na biyu yana bukatar tef ɗin tela da mutum ɗaya. A kafe babur yadda tayar baya za ta ɗaga daga ƙasa, a auna daga notin tsakiyar taya zuwa wani wuri tsayayye a sama, misali gindin kariya. A sauke shi, ka hau da irin kayan da ka saba ɗauka, ƙafafunka a kan matakai, wani ya riƙe maka kan babur, a sake auna wuri guda. Bambancin shi ne nutsewar babur. Abin da ake so shi ne ya nutse kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na dukkan tazarar da shokozoba ke iya tafiya. Ƙananan babura irin su Boxer tazarar bayansu wajen santimita 10 ce, ta gaba kuma wajen 12, don haka nutsewar baya ta santimita 2 da rabi zuwa 3 da 'yan kai ita ce daidai. In ya kai 5 ko 6, rabin shokozobarka ya ƙare tun kafin ka tayar da inji.

Bayan awo, hanyoyin gyara biyar ne a gabanka. Ma'aunan da zan bi a kan kowace hanya su ne: wane ciwo take magani, nawa take ci, yaya ƙarkonta, wa zai iya yin ta, kuma wane haɗari ke cikinta. Farashin kayan gyara yau daban gobe daban, saboda haka zan gwada su ne da junansu.

Hanya ta farko: iskar taya da saitin baya

Na haɗa su wuri ɗaya domin taya ita ce take fara karɓar duka kafin ya isa sifirin. Masu faci da yawa da ɗan yatsa suke gwada iska, ko su ƙwanƙwasa taya da sifana su saurari ƙara, kuma kusan kullum kuskuren yana karkata ne wajen yin yawa. Yawancin ƙananan babura suna son kimanin 25 a gaba a ma'aunin geji, baya kuma 28 in kai kaɗai ne, zuwa 32 in da goyo ko kaya. Ainihin lambar tana cikin littafin babur, wani lokaci kuma a manne a jikinsa. Tayar da aka bai wa 45 duk tsakuwar titi sai ta isar da ita ƙashin bayanka, sannan riƙonta ga kwalta yana raguwa. A auna da safe kafin a yi tafiya, domin a zafin Afrilu kwalta da gudu suna ƙara wa iska ƙarfi, lambar da za ka gani da azahar ba ita ba ce.

A ƙasan shokozobar baya, a yawancin babura, akwai wani zobe mai hawa-hawa, galibi mataki 5. Juya shi yana ƙara matse sifirin ko ya sassauta shi. A nan mutane suka fi ruɗewa. Matse sifirin ba ya ƙara masa ƙarfi, ɗaga bayan babur yake yi, ya mayar maka da tazarar da nauyi ya cinye. Shi ya sa mutum mai jiki da ke kukan babur ɗinsa ya yi tauri sau da yawa ƙarin mataki yake bukata. Taurin da yake ji ba na sifirin ba ne, shokozoba ce take kaiwa ƙarshe tana dukan robar da ke cikinta a kowane rami. A ƙara masa mataki biyu, sai ya ji babur ya yi laushi, ya yi ta mamaki.

Akwai kuma ɗaya gefen. Saurayi mara nauyi ya sa an kai masa mataki na 5 don bayan babur ya ɗaga ya yi kyau. Babur ba ya nutsewa ko kaɗan, don haka in taya ta zo kan kwari ba ta da sauran tazarar da za ta miƙe ta bi ƙasa. Sai ta riƙa tsalle a kan gargada, in ya taka birkin baya ta ja. Wanda ya bar nasa a mataki na 1 ya labta kaya shi kuma gabansa ne zai yi sakayau: kan babur ya riƙa rawa a kwana, fitila ta haska idon masu tahowa maimakon titi.

Kuɗin wannan hanya bai wuce na shan ruwan yaron gareji ba, in ma ba da kanka ka yi ba. Da sifana mai ƙugiya ake juya zoben. In ka ga an ɗauko guduma da kurfi, ka ce a dakata, a wanke wurin, a ɗiga masa mai, a ɗaga tayar daga ƙasa, zai juyu. Haɗarin guda ɗaya ne, kuma babba ne: dama da hagu dole su zauna a mataki ɗaya. Ka duƙa ka ƙirga da idonka kafin ka bar garejin. Ƙarkonta kuwa, tana nan har sai nauyin da kake ɗauka ya canja. Abin da ba za ta iya ba shi ne tayar da mataccen mai ko sifirin da ya gaji ya kwanta.

Hanya ta biyu: sabis ɗin gaba

Ƙafafun gaba, wato shokozobar gaba, na irin baburan da suka cika Kano, Boxer ne ko Jincheng ko Lifan ko Haojue, ba su da wani zoben saiti. Abin da ake iya taɓawa shi ne mai da robar da ke tare shi. Kuma wannan shi ne man da aka fi mantawa da shi a jikin babur. Mutum zai yi juyen baƙin mai a kan kari shekara da shekaru, amma na gaba tun na kamfani ne. Ran da aka kwance aka juye shi a tasa, abin da yake fitowa ruwan toka ne mai wari, tsinkakke, da burbushin ƙarfe a ƙasa.

Alamominsa a bayyane suke. Ka kama birkin gaba, kan babur ya dulmiya da sauri har ka ji ƙara. Ko ka ga zoben mai a jikin sandar. Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabar wannan roba: tana manne wa sanda, ta shiga da ita ciki, ta riƙa cin leɓen robar a hankali. Shi ya sa robar nan mai lanƙwasa da ke rufe sandar ba kwalliya ba ce. In ta yage a sauya ta, tana cikin mafi arahar abin da za ka saya wa babur.

Abu uku nake so mai babur ya tsaya a kansu. Na farko, irin man. Akwai man da aka yi don wannan aiki, wanda aka fi amfani da shi shi ne mai lamba 10W. Mai kauri, kamar 15W, yana rage dulmiya wajen birki, ya dace da mai nauyi, amma yana sa ƙananan gargada su fi isowa hannu. Garejoji da yawa baƙin man inji suke zubawa don shi ne a kusa. Babur zai tafi, sai dai da sanyin safiyar Janairu gaba yakan yi tauri. Wanda aka juye daga inji kuwa kada ka yarda a kusanto da shi. Na biyu, yawan man: a auna da kofi mai lamba ko sirinji, ƙafa biyun su sami daidai wa daida, gwargwadon abin da littafin babur ya ce. In ya yi yawa gaba zai ƙi nutsewa har ƙarshe, ya kuma fasa robar. Na uku, sandar kanta. Ka bi ta da farce. In akwai ɗigon tsatsa ko kaushi a wurin da take shiga da fita, sabuwar roba ba za ta daɗe ba. In kuma babur ya taɓa karo ta lanƙwashe, a mirgina ta a kan gilashi ko wani abu mai shafaffen fuska, za a gani.

Tunda an riga an kwance gaba, a duba boris ɗin wuya. Sau da yawa ƙarar da ake ɗora wa shokozoba laifinta daga nan take.

Kuɗin wannan aiki matsakaici ne, bai kai na sabuwar shokozoba mai kyau ba. Aikin bakanike ne, ba na gida ba. In an yi shi da kyau yana kai shekara biyu ga mai hawa na yau da kullum, mai kai saƙo kuma ya rage. Haɗarin yana wajen barinsa: man da ke yoyo gangarowa yake yi wajen birkin gaba, kuma a babur mai birkin faifai wannan ba abin wasa ba ne.

Hanya ta uku: sabuwa mai araha

Su ne suka fi yawa a shagunan Sabon Gari da Ƙofar Ruwa, masu sheƙi, wasu ja wasu ruwan ɗorawa. Araha ba ta ado, amma ba zan ce a guje su gaba ɗaya ba. Ga wanda tasa ta mutu murus, mai araha sabuwa ta fi gawa. Matsalarsu ita ce abin da ido ba ya gani shi aka fi rage wa kuɗi. Sifirin zai yi kauri ya burge mai saye, man ciki da robarsa kuwa su ne suke fara sallama, galibi bayan damina ɗaya a hanyoyin cikin unguwa. Wasu ma akwai 'yar kwalba a gefe mai kama da ta gas, alhali ado ce kawai.

In za ka saya, ka ciro tsohuwar ka tafi da ita. A gwada tsawo daga tsakiyar ido zuwa tsakiyar ido, a gwada faɗin ramin bushin sama da ƙasa. A sayi biyu tare, kada a haɗa sabuwa da tsohuwa. Ɗaurawa ba wuya, noti huɗu ne, a canja ɗaya bayan ɗaya.

Hanya ta huɗu: ta kamfani

Nan ne kuɗi yake, yakan ninka na mai araha. Abin da kake saya shi ne sifirin da man da aka auna su da nauyin wannan babur ɗin. Bajaj, alal misali, yana sa wa Boxer irin wadda ake kira SNS, ƙaramin sifirin a cikin babba, don babur ya yi laushi in ba kaya, ya kuma jure in an ɗora. A Pulsar kuwa akwai mai gas, wadda suke kira Nitrox. Amfanin gas ɗin, wanda iskar naitirojin ce, shi ne hana mai yin kumfa in ya yi zafi. Wannan yana da tasiri ga mai doguwar tafiya a hanya mai gargada. Ga mai zuwa ofis daga Hotoro zuwa cikin gari a kan kwalta, da wuya ya ji bambancin da ya kai kuɗin.

Ƙarkonta ya fi na sauran, shekaru take yi in ba a zalunce ta da lodi ba. Haɗarinta a wajen saye yake, domin kwali da tambari ba su da wuyar kwaikwayo. Biyan kuɗin orijina a kan jabu ya fi komai ciwo a wannan harka. Ka je wurin dilan da aka sani da kayan wannan kamfani, ka karɓi rasit, ka kuma tafi da bakaniken da ka yarda da shi, ba wanda mai shago ya kira maka ba.

Hanya ta biyar: ta hannu

Wadda aka ciro daga wani babur, ko cikin kayan Beljiyam. Wani lokaci a dace da abu mai kyau ƙwarai a kuɗin mai araha. Sai dai ba ka san shekarunta ba, kuma yawancin shokozobar baya a rufe take, ba a buɗe ta a sake mata mai. Wadda ta fito daga babban babur sifirinta ya fi ƙarfin ƙaramin babur, ko da tsawon ya zo ɗaya. Ka duba sanda, ka duba yoyo, ka kuma yi sharaɗi tun kafin ka biya: "Maigida, zan ɗaura in gwada, in ba ta yi ba zan dawo da ita gobe." In ya ƙi, ka bar masa kayansa.

Dabarun gareji

Akwai masu ƙara shokozoba biyu a baya su zama huɗu, a yi walda a jikin firam. Akwai masu sa doguwa don baya ya ɗaga. Na san dalilin, lodi ne ya yi yawa kuma abinci ake nema. Amma dukan da sifirin ya ƙi karɓa ba ya ɓacewa, yana komawa kan sifok da rim da wurin waldar, birki kuma yana nan yadda yake. Doguwar shokozoba tana canja jan sarƙa, ta sa kan babur ya yi saurin juyawa fiye da kima. Ban ga wanda zan ba shawarar wannan ba.

| Hanya | Abin da take magani | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Iska da saitin baya | Nutsewa, tauri, rawar kai | Kusan kyauta | Sai nauyi ya canja | Kai ma za ka iya | Gefe biyu su bambanta |
| Sabis ɗin gaba | Dulmiya, yoyo, ƙara | Matsakaici | Wajen shekara 2 | Sai bakanike | Mugun mai, awon ido |
| Sabuwa mai araha | Matacciyar ta baya | Matsakaici | Gajere | Mai sauƙi | Saurin mutuwa, tsawo ya saɓa |
| Ta kamfani | Matacciyar ta baya, lodi | Mai yawa | Dogo | Mai sauƙi | Jabu |
| Ta hannu | Matacciyar ta baya | Kaɗan zuwa matsakaici | Sa'a | Sai an iya dubawa | Ba a san tarihinta ba |
| Ƙari da walda | Lodin da ya wuce kima | Matsakaici | Yana cin firam | Sai mai walda | Babba |

Wa ya dace da wacce

Ma'aikaci ko ɗalibi da ke hawa shi kaɗai a kan manyan tituna kamar Zoo Road da titin Zariya: ka gyara iska, ka bar baya a mataki na 1 ko na 2 gwargwadon abin da tef ya nuna, ka yi sabis ɗin gaba in ba ka taɓa yi ba. In gwajin dannawa bai nuna tsalle ba, ka riƙe kuɗinka.

Magidanci da wani lokaci shi kaɗai ne, wani lokaci da cefane ko yaran makaranta: mataki na 3 shi ne sulhu. In za ka iya ajiye sifanar a ƙarƙashin kujera ka ƙara mataki ranar lodi, ya fi.

Mai jigilar kaya daga Singa, Kwari ko Dawanau: mataki na 4 ko na 5, iskar baya a kai ta iyakar da littafi ya yarda. In a mataki na 5 ma nutsewa ta wuce santimita 4, sifirin ya gaji ko kayan sun fi ƙarfin babur. Ka sayi ta kamfani, domin mai araha sau biyu ko uku za ka saye ta kafin waccan ta mutu, ban da ranakun da babur zai kwana a gareji. Ka kuma jawo kayan gaba, kusa da bayanka, maimakon su rataya a ƙarshen kariya.

Mazaunin unguwar da hanyarta ta ƙasa ce, inda ruwan Agusta ke barin kwazazzabo: laushi kake bukata da tazara, ba tauri ba. Ka kula da robar rufe sandar gaba, ka riƙa goge sandunan bayan ka ratsa taɓo, ka duba bushin duk ƙarshen damina.

Wanda aljihunsa ya yi ƙasa kuma tasa ta zubar da mai: ka sa mai araha yanzu, da sanin cewa ta wucin gadi ce. Ta hannu sai in kana da bakaniken da zai bi ka kasuwa.

Mai zirga-zirga tsakanin Kano da Wudil, Bichi ko Gwarzo, wanda yake shafe tafiya mai nisa da gudu: kai ne mai gas za ta yi wa rana, in akwai wadda tsawonta da bushinta suka dace da babur ɗinka. Ka haɗa da sabon man gaba a rana ɗaya, sannan ka sake awon tef bayan mako guda, domin sabon sifirin yakan ɗan zauna.